Kulle Aljihu Ko Toshe Yoyo: Wanne Ya Fi Wa Iyali Bayan An Watse Daga Biki?

Kwana uku bayan baƙi sun tafi gida ya koma shiru, na zauna da biro da bayan wata tsohuwar takarda ina haɗa abin da ya fita. Ban kai ƙarshe ba na ajiye biron. Abin da muka kashe a kwana goma ya kusa abin da muke kashewa a wata ɗaya da rabi, kuma wani ɓangarensa ba ma kuɗinmu ba ne, na aro ne. A daren na yanke hukunci ni kaɗai, cewa daga gobe ba a ƙara sayen komai a gidan nan sai abin da za a sa a baki. Uwargida ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "To maigida, shi sabulu abin ci ne ko kuwa?" Na ce sabulu daban. Ta ce, "Takalmin makarantar ƙaramin fa, da ya buɗe baki?" Kafin mu kwanta dokata ta samu ƙofofi sun fi biyar.

Tun daga wannan shekarar nake lura da yadda gidaje ke fita daga ramin da hidimar biki ke jefa su, kuma na ga hanyoyin ba su wuce biyu ba, sauran duk rassansu ne. Ta farko ita ce wadda na so in yi a daren nan: a kulle aljihu gaba ɗaya na wata ɗaya ko biyu, ba fita cin abinci a waje, ba sabon kaya, ba yawon da zai ci kuɗin mota, sai abin da ya zama dole. Ta biyu kuwa ba ta da wannan zafin. A bar rayuwa ta ci gaba kusan yadda take, amma a bi kuɗaɗen da ke fita kowane wata ɗaya bayan ɗaya, a rage wanda zai ragu, a soke wanda ba a amfana da shi, ragin kuma ya zauna har abada. Ta farko kamar kulle famfo ce. Ta biyu kamar liƙe tulun da ke yoyo.

Bari in fara da kulle aljihu, don ita ce zuciya ke fara rayawa, kuma tana da ƙarfin da bai kamata a raina ba. Sauƙin fahimta ke gare ta. Doka ɗaya ce, yaro ɗan shekara bakwai ma ya gane ta, ba sai an zauna ana lissafi ba. Wanda zai yanke shawara sau ashirin a rana kan ko ya sayi wannan ko ya bari, wata rana gajiya za ta kayar da shi, amma wanda ya riga ya ce babu, ya huta da tunani. Sannan lokacin ma ya dace da ita. A shekarar 2014 wasu masu bincike a Amurka, Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis, sun nuna cewa mutane sun fi ɗaukar sabon ƙuduri a kan gaɓar lokaci, wato farkon mako, farkon wata, farkon shekara, ko bayan hutu. Sun ga haka har a yawan masu zuwa wurin motsa jiki. Ke nan makon da ya biyo bayan biki, lokacin da kowa ya ƙoshi da shagali, jiki ya gaji, kaya sababbi suna nan ba su tsufa ba, shi ne makon da iyali zai fi yarda a ce masa a dakata. Ka zo da wannan maganar bayan wata uku ka ga idon da za a yi maka.

Akwai wani amfaninta da ban san da shi ba sai da na gwada. Wata ɗaya na rashin saye yana tona asirin abubuwan da gida ba ya buƙata. Abin da aka yi kwana talatin ba a saya ba kuma babu wanda ya tuna da shi, to dama al'ada ce ke sayensa. Mu a gidanmu abubuwa huɗu muka gano haka, biyu daga ciki nawa ne, kuma ban ji daɗin ganowar ba.

To amma nawa ake samu a zahiri? Nan ne rauninta yake. Mu ɗauka abin da ke shigowa gida a wata ɗari ne, ko da wane irin kuɗi ake lissafi. Haya, kuɗin makaranta, cefane, wuta, ruwa, kuɗin motar zuwa aiki da magani sun cinye tamanin da biyar, misali. Saura goma sha biyar, su ne dokar za ta iya taɓawa. A takarda ka tsira da goma sha biyar ke nan. Sai dai cikin waɗannan akwai takalmin da ya buɗe baki, akwai famfon banɗaki da ke ɗiga, akwai gyaran abin hawa da aka ɗaga. Ba soke su ka yi ba, tura su ka yi wata mai zuwa, wasu ma za su dawo da tsada, don ƙaramin gyaran da aka jinkirta shi ke zama babba. In ka cire waɗannan, ainihin abin da ya rage a hannunka bai fi bakwai ko takwas ba. Sannan ga ramuwar gayya. Ranar da aka ɗage doka, kowa yana da jerin abin da ya daure a kai, kamar mai fama da ƙishirwa ya samu randa. Na san gidan da watan da ya biyo bayan kullen ya fi na bikin kansa cin kuɗi. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne a kan wa nauyin yake sauka. Mai kafa doka galibi ba shi ke aiwatar da ita ba. Shi ya faɗa ya fita, kuɗin motarsa da katin wayarsa suna cikin "dole". Wadda ke riƙe da cefane ita ce za ta tsaya gaban tukunya tana ƙoƙarin sa abin mutum huɗu ya ishi shida, ita ce yara za su tambaya, ita ce za ta ce babu sau goma kafin la'asar. In aka duba da kyau, a gidaje da yawa abin da ake kira tsuke bakin aljihu ragin kuɗin cefane ne kawai aka sa wa suna mai kyau. Wanda zai zaɓi wannan hanya ya fara da kansa, a bainar kowa, ya ce ga nawa abin da na bari. In ba haka ba dokar za ta zauna, amma zaman lafiyar gidan ne zai biya kuɗinta.

Kuma akwai gidajen da ba ta da abin da za ta kulle a cikinsu. Tun 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya yi nazarin kasafin iyalan ma'aikata ya fito da ka'idar da har yau ake kira da sunansa: gwargwadon ƙarancin abin da iyali ke samu, gwargwadon girman kason da abinci ke ci a ciki. Gidan da abinci da haya suka riga suka kwashe casa'in da biyar cikin ɗari, in ka ce masa ya daina kashe kuɗi a kan abin da ba dole ba, ka yi masa ba'a ne. Shi ya sa nake ɗan ja baya da shahararren tsarin nan na hamsin, talatin, ashirin, wanda Ba'amurkiya Elizabeth Warren da 'yarta Amelia suka yaɗa a 2005: rabi ga buƙatun dole, talatin ga abin sha'awa, ashirin ga ajiya da biyan bashi. Ma'auni ne mai kyau ga wanda dolensa ta tsaya a rabi. Ga wanda dolensa ta kai wuya, sai dai ya zama madubin da ke nuna masa nisan tafiya.

Yanzu toshe yoyo. Wannan hanya ba ta da armashi ko kaɗan, babu wanda zai yaba maka, kai kanka ba za ka ji ka yi wani abin a zo a gani ba. Aikinta na yini ɗaya ne ko biyu, amma aiki ne mai gundura: a ɗauko bayanan asusun banki na wata uku da suka wuce, ko littafin da ake rubuta kashe-kashe in akwai, a bi layi-layi ana tambaya, wannan na mene ne, wa ke amfani da shi, akwai mai rahusa da zai yi aikin? Watannin kafin biki ake dubawa, don su ne ke nuna halin gidan na gaskiya.

Ranar da muka yi namu, uwargida na karantowa ina yi wa takarda alama. Muka tarar da kuɗin wata manhajar kallo da ake cirewa duk wata, wadda rabon da a buɗe ta tun yaran suna hutun da ya wuce. Muka tarar muna sayen data ƙanana-ƙanana, sau shida ko bakwai a wata, alhali babban ƙunshi guda ɗaya ya fi araha nesa ba kusa ba. Ga kuɗin da ake cirewa duk lokacin da aka ciri kuɗi ko aka tura, mu kuma muna yi kaɗan-kaɗan kusan kullum maimakon sau ɗaya a mako. Ga wata tara ta jinkirin biya da muke sha kusan duk wata, ba don babu kuɗin ba, don mantuwa. Ta ɗago kai ta ce, "Maigida, wannan ai ba biki ne ya ci su ba." Gaskiyarta. Bikin dai ya zo ya tarar da tulun rabi.

Wuraren da ake samun irin wannan yoyon kusan ɗaya ne a ko'ina: abubuwan da ake biya kai tsaye duk wata har an manta da su, wayar hannu da intanet, wuta, zirga-zirga, da abincin da ake zubarwa. Na wuta ba sai an daɗe a kai ba, ƙwan fitila na LED yana cin ƙasa da na tsohon yayi mai zare da kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma duk abin da ke ɗumama ruwa ko sanyaya ɗaki shi ne babban maciyi, ba cajar waya ba. Na abinci kuwa ya cancanci a tsaya. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya, kusan kashi 19 cikin ɗari na abin da ya isa hannun masu saye, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan ɓarnar a cikin gidaje aka yi ta. In aka raba na gidaje kaɗai, kowane mutum ya zubar da kimanin kilo 79 a shekara. Abin da ya ba ni mamaki a rahoton shi ne bambancin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin hali bai taka kara ya karya ba. Rage wannan ɓarna ya bambanta da rage kuɗin cefane. A can cikin yara ake ragewa, a nan kwandon shara ake ragewa: a dafa daidai bakin da ke gida, a fara da abin da zai riga lalacewa, a duba abin da ke akwai kafin a fita saye. Bayan biki ma abin ya fi sauƙi, don yawanci akwai ragowar kayan da aka saya da yawa.

Duk wannan wahalar nawa za ta ba ka? A misalinmu na ɗari, wataƙila huɗu. Huɗu kacal, in aka kwatanta da takwas ɗin da kulle aljihu ya bayar a wata ɗaya. Amma huɗun nan suna dawowa kowane wata ba tare da an sake cewa kowa ya daure ba. A wata biyu sun kamo takwas, a shekara sun zama arba'in da takwas, kusan rabin abin da ke shigowa a wata guda. Ba sa buƙatar ƙarfin zuciya, don an yanke shawarar sau ɗaya an gama. Yara ba su ma san an yi ba. Rauninsu guda ne, kuma babba ne: jinkiri. In ramin da biki ya haƙa talatin ne, sai an yi wata takwas kafin a cike shi. Wani ramin yana iya jira. Wani kuwa yana ƙara zurfi kana tsaye a bakinsa.

A nan ne zaɓin yake, kuma ba halin mutum ke yanke shi ba, irin ramin ne. In ajiyarka ka taɓa, ko ka ci kuɗin da ka ware don wani abu da ba na gaggawa ba, ramin ba ya girma, sai ka bi ta hanyar toshe yoyo hankali kwance, ba dalilin takura wa gida. In kuwa bashi ne mai kuɗin ruwa, lissafi ya sauya. Mu koma kan talatin ɗin nan. In ruwan da ke kansa kashi 3 cikin ɗari ne a wata, wanda yake kusan kashi 43 a shekara in ya hau kan kansa, kana biyan huɗu duk wata, za ka gama a wata tara, ruwan da ka biya bai kai biyar ba. Ana iya jurewa. Amma in kashi 10 ne a wata, irin na bashin gaggawa, to cikin huɗun da ka biya a watan farko uku ruwa ne, ɗaya kawai ya taɓa uwar kuɗin. Za ka kai wata goma sha biyar kana biya, jimilla kusan hamsin da takwas, wato ka kusa biyan bashin sau biyu. Yanzu ka ƙara kulle aljihu na wata ɗaya a farkon tafiyar, ka zuba takwas ɗin da ya bayar a kan huɗun, ka biya goma sha biyu a tashin farko. Sauran bashin zai ƙare cikin wata takwas, jimillar abin da ka biya kusan arba'in da uku. Wata ɗaya na ɗaure ciki ya saya maka wata shida na 'yanci da goma sha biyar na kuɗi. A irin wannan hali, duk ƙorafin da na yi a kan kulle aljihu na janye shi.

Haka ma in akwai ranar da aka yanka: kuɗin makaranta da za a biya nan da mako uku, ko haya da ta zo wuya. Ranar ba ta san kana toshe yoyo ba. Sai a kulle, amma a sa wa kullen ranar buɗewa tun daga farko, a faɗa wa kowa, a rubuta abin da aka yarda ya wuce. Magani, abin da ya shafi makarantar yara, da ƙaramin gyaran da zai zama babba, ni ba na sa su cikin doka ko ta halin ƙaƙa. Kwana talatin ya isa. Abin da ya wuce kwana arba'in da biyar, a ganina, ya daina zama magani ya koma horo.

Akwai wata alama da ke nuna kulle aljihu ba zai yi maka komai ba, ko da bashi ko babu. In ka duba watanni ukun kafin biki ka ga dama kuna kaiwa ƙarshen wata da ƙyar, ko kuna ɗan cin bashi kafin albashi ya shigo, to ba biki ne matsalarku ba. Za ku kulle, ku samu sarari na wata ɗaya, ku koma gidan jiya. Irin wannan gida yoyo yake, kuma wani lokaci yoyon ba a ƙananan abubuwa yake ba, a babba ɗaya yake: gidan da hayarsa ta fi ƙarfin mai shi, ko abin hawan da ke cin rabin albashi. Wannan magana ce mai nauyi da ba a yanke ta a makon da aka gama biki, amma gara a san ita ce maganar da a yi ta faɗa da yara a kan alewa.

Kowace hanya aka ɗauka, akwai ƙaramar tambaya da ke biyo baya, wato da me za a riƙa biya, tsabar kuɗi ko kati da waya. A 2001 Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT da ke Amurka sun wallafa wani gwaji da suka sa ɗalibai yin tayin tikitin wasan ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce da katin bashi za su biya sun yi tayin da ya kai kusan ninki biyu na waɗanda aka ce da tsabar kuɗi. Kuɗin da hannu ya ƙirga yana da zafin fita, wanda yatsa ya danna ba shi da shi. Daga nan tsohuwar dabarar nan ta raba kuɗi a ambulan take samun ƙarfinta: wannan na cefane, wannan na mota, wannan na yara, in ambulan ya ƙare an gama sai wani watan. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2017, ya daɗe yana bayanin cewa mutane ba sa ɗaukar kuɗi duk ɗaya, suna raba su gida-gida a zuciyarsu, kuma suna jin nauyin ɗebo daga wani gida su kai wani. Ambulan yana fito da waɗannan gidajen fili ne kawai. Sai dai tsabar kuɗi ba ta barin sawu. Ta fita ta fita, bayan mako ba mai tuna inda ta shiga, alhali kati da waya suna ajiye maka tarihin komai, wanda shi ne ainihin abin da mai toshe yoyo ke buƙata. Don haka nake ganin tsabar kuɗi ta fi dacewa da watan kulle, kati kuma da kuɗaɗen da ake biya duk wata. Wanda ya fi son tsaba a komai, to ya riƙe littafi. Ba sabon abu ba ne, tun 1904 wata 'yar jarida a Japan, Hani Motoko, ta fitar da littafin lissafin gida da ake kira kakeibo, har yau kuma ana amfani da irinsa.

In bashin ya fi ɗaya, wanne za a fara kashewa? Lissafi ya ce mai ruwa mafi tsada, ko da shi ne mafi girma, don shi ke cin ka da sauri. Zuciya kuma ta ce mafi ƙanƙanta, don ka ga ka rufe ƙofa ɗaya. Ba a raina ta zuciya: David Gal da Blakeley McShane na jami'ar Northwestern sun duba bayanan dubban masu bashi a 2012, suka ga yawan basussukan da mutum ya rufe ɗungurungum, ba girman kuɗinsu ba, shi ya fi nuna wanda zai kai ƙarshen tafiyar. Ni dai ga yadda nake yi. In ruwan basussukan kusan ɗaya ne, na fara da ƙarami in samu ƙarfin gwiwa. In ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, kamar mai kashi 10 ɗin can, ba na sauraron zuciya. Akwai kuma bashin da babu ruwa a kansa sam, na ɗan'uwa ko aboki, wanda kowane lissafi zai ce a bar shi ƙarshe. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai ba ka ya san haka. Abin da ba zai yafe ba shi ne shiru. Kira shi tun kafin ya kira ka, ka ce masa ga watan da zan fara, ga abin da zan riƙa kawowa, sannan ka cika ko da kaɗan ne. Wanda ya ga ɗan abu duk wata zai jira shekara. Wanda ya ga kana kauce wa wayarsa, wata biyu ma sun yi masa yawa, kuma ƙofar da ka rufe ke nan ranar da wata larurar gaske za ta taso.

Mu a waccan shekarar duka biyun muka haɗa, don akwai bashi mai ruwa a ciki. Muka kulle kwana talatin, sabulu da takalmi suna waje da doka, muka yi amfani da maraicen da ba a fita ko'ina wajen bin bayanan banki. Yaran mun gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa mun kashe da yawa a biki, wata ɗaya za mu huta, ranar kaza za a koma daidai. Babbar ta ɗauko kalanda ta zagaye ranar da jan biro, kullum da safe sai ta soke kwana ɗaya. Da bashin ya ƙare, huɗun nan ba mu mayar da su cikin cefane ba. Uwargida ta samo wani ambulan ta rubuta "biki" a bayansa, ta sa shi ƙarƙashin kayanta inda na san wurin amma ba ni da izinin taɓawa. Sau biyu na gwada, sau biyu ta ce, "Maigida, ka manta daren sabulu?"